Daga Litinin Zuwa Asabar, Wa Ke Addu'a A Gidanka?

Ina gaida na Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, na Madawa da Galmi da Ƙonni, har zuwa Damagaram. Ku ma na hayin iyaka, Jibiya, Katsina, Daura da Illela, ina miƙo gaisuwa. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku duka. Maƙwabtanmu Musulmi da kukan bar rediyo a kunne idan wannan fili ya zo, sannunku, mun gode da zumunci.

Yau maganarmu a kan addu'a ce, amma ta cikin gida: wadda kake yi kai kaɗai, da wadda kuke yi da iyali a tsakar gida.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. Mako ɗaya awa 168 ne. Ranar Lahadi, a ce ka shiga majami'a ƙarfe tara ka fito sha biyu, awa uku ke nan. Ƙara addu'ar Laraba, awa ɗaya. In kina Zumuntar Mata, ko kana cikin mawaƙa, ƙara awa biyu. Duka-duka awa shida. Saura 162. Ko ka cire na barci, har yanzu akwai fiye da awa ɗari da kake a farke, kana gida ko gona ko kasuwa, ba fasto kusa da kai, ba dattijo, ba mai ba da waƙa. To, a cikin waɗannan awoyi, wa ke addu'a a gidanka?

Na ɗauko wannan magana ne domin mu a wannan yanki mun riga mun ga ranar da ƙofar majami'a ba ta buɗuwa. Ba tone-tone nake yi ba, amma kowa ya tuna 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Lahadin da ta biyo baya, ƴan'uwa da yawa ba su da rufin da za su taru a ƙarƙashinsa. A 2020 kuma cutar korona ta sa hukuma ta rufe masallatai da majami'u na makonni. Ga kuma iyalan da ƴan bindiga suka kora daga garuruwansu na Zamfara da Sakkwato da Katsina, suka ƙetaro jihar Maraɗi tun 2019. Wanda tashin hankali ya kora da dare, Musulmi ne ko Kirista, ba ya ɗauko ɗakin ibada a ka. Abin da bakinsa da zuciyarsa suka saba yi, shi ke binsa. Gidan da ya saba addu'a, ran da aka rufe majami'a yakan shimfiɗa tabarma ya ci gaba. Gidan da bai saba ba kuwa, sai a yi ta kallon juna.

Wannan kuma ba sabon abu ba ne a tarihin ikkilisiya. Masu bi na farko a gidaje suke taruwa. Buɗe Romawa sura 16, za ka ga Bulus yana gaida Akila da matarsa Bilkisu tare da ikkilisiyar da ke taruwa a gidansu. A Ayyukan Manzanni sura 12, daren da Bitrus ya fito daga kurkukun Hirudus, gidan Maryamu uwar Markus ya nufa, domin can ake taron addu'a, har wata yarinya mai aikin gidan, Roda, ita ta fara gane muryarsa a bakin ƙofa. Ka lura, har ƴar aiki tana cikin taron. Shi kuma Timoti, Bulus ya shaida cewa bangaskiyarsa daga kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ta taso. Kafin ya haɗu da manzo, mata biyu sun riga sun yi aikinsu a cikin ɗaki.

Mu fara da kai kanka, ɗan'uwa, ke kanki, ƴar'uwa, domin tulun da babu ruwa ba ya shayar da kowa.

Abu na farko shi ne lokaci. Yawancinmu mukan ce, "Ai ni kullum ina addu'a a zuciyata." Madalla, hakan yana da kyau. Amma ka duba gaskiya: addu'ar da ba ta da lokacinta, aiki yakan cinye ta. Daniyel babban ma'aikacin gwamnati ne a ƙasar da ba tasa ba, duk da haka sura 6 ta littafinsa ta nuna sau uku a rana yakan durƙusa, kuma ran da aka kafa dokar hana addu'a bai ƙirƙiro wani sabon abu ba, abin da ya saba ya ci gaba da yi. Yesu ma, a Markus sura 1, tun da sauran duhu ya tashi ya keɓe kansa. Mu da ke zaune cikin maƙwabta Musulmi, kullum muna ganin amfanin tsayayyen lokaci da idonmu. Ladan na kiran salla, mai shago ya rufe, mai kabu-kabu ya jingine babur. Da yawanku kun taɓa jin yaro ya dawo daga wasa ya ce, "Inna, mu yaushe ne lokacin addu'armu?" Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata a ce akwai amsar da za a ba shi.

Don haka zaɓi lokaci ɗaya, ka riƙe shi. In kai manomi ne, da damina ka san kafin rana ta fito kana hanyar gona, to minti goma kafin ka saɓa hauya sun isa. In ke mai tuyar ƙosai ce da kike tashi da asuba, wataƙila lokacinki shi ne bayan kin tashi daga kasuwa kin huta. Mai gadi da ma'aikaciyar asibiti masu kwana a bakin aiki, ku kun san inda sararinku yake. Ba wanda zai zaɓa maka. Sharaɗin kawai, ya zama lokacin da in ya wuce ba ka yi ba, za ka ji wani abu ya rage a ranar.

Na biyu, wuri. Matiyu sura 6 ta koya mana addu'a a ɓoye, cikin ɗaki. Na san wani zai ce, "Mu bakwai ne a ɗaki ɗaya na haya, ina ɗakin da zan rufe?" Gaskiyarka. Amma akwai gindin bishiya a bayan gida, akwai zaure kafin mutane su tashi, akwai hanyar gona, akwai gefen rumbu. Abin da ake nema shi ne wurin da ba kowa kake yi wa ba sai Allah. Salula kuwa, ka kife ta. In a cikinta kake karanta Littafi Mai Tsarki, to kashe intanet tukuna, in ba haka ba za ka shiga neman Zabura ka tsinci kanka a WhatsApp.

Na uku, me za ka faɗa? Mutane da yawa suna jin kunyar addu'a domin suna ganin sai an iya irin ta dattawa, mai dogayen kalmomi. A'a. Ka riƙe abu huɗu kawai. Ka yi godiya a kan abu ɗaya takamaimai na jiya, ka ambace shi da sunansa. Ka faɗi laifinka, shi ma da sunansa: ƙaryar da ka yi wajen ciniki, baƙar maganar da kika faɗa wa kishiyar uwarki. Ka roƙa wa wani, har da wanda ba ku shiri. Sa'an nan ka kawo bukatarka. In ka gama kada ka zabura, ka ɗan yi shiru. Hira ce, ba a yin ta da baki ɗaya.

To, yanzu mu shiga tsakar gida.

Maimaitawar Shari'a sura 6, wadda tsofaffinmu suka sani da Kubawar Shari'a, ta ɗora koyar da yara a wuyan iyaye, a zaman gida da tafiyar hanya, da kwanciya da tashi. Makarantar Lahadi taimako ce, awa ɗaya a mako. Malamar nan mai yara arba'in a gabanta ba za ta iya yi maka aikinka ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron nan da ke gabanka yau, gobe zai tafi lakwal ta kwana, ko jami'a a Yamai ko Zariya, ko aikin soja, inda wataƙila shi kaɗai ne Kirista a ɗakinsu. In bai taɓa buɗe baki ya yi addu'a a gaban uwarsa ba, ran da zazzaɓi ya kama shi a can, ko abokai suka matsa masa, da me zai fara?

Ga yadda za a iya yi, kuma minti goma sha biyar sun isa. A gidaje da yawa lokacin da ya fi dacewa shi ne da zarar an gama tuwon dare, kafin yara su fara gyangyaɗi, kafin samari su fice hira. A yi waƙa ɗaya wadda kowa ya sani, daga Littafin Waƙoƙi ko ta Zumuntar Mata. A karanta ayoyi kaɗan, biyar zuwa goma. A yi tambaya ɗaya: "Me ka ji a nan?" A bar ƙarami ya fara amsawa, domin in Baba ya riga ya yi magana ba mai ƙarawa. Sai a tambayi kowa abin da yake so a yi addu'a a kai. Mutum biyu ko uku su yi, gajeru. Shi ke nan, a tashi.

In ba ku san inda za ku fara karatu ba, ku ɗauki Markus. Sura 16 ce kawai, labari ne a kan labari, yara suna sonta. Karin Magana, wato Misalai a tsohon juyi, sura 31 ce, kowace ranar wata da tata. Ran da gajiya ta yi yawa, Zabura 117 aya biyu ce tak. Ku karanta ta, ku yi godiya, ku kwanta. Da babu gara ba daɗi.

Sai maganar harshe, wadda ta shafe mu ƙwarai a nan. Yaranmu na wannan gefe da Faransanci suke karatu, na hayin iyaka da Turancin Ingilishi. Sai ka ga an ba ɗan lakwal Littafi na Faransanci yana ta zuba, Kaka na zaune tana gyaɗa kai, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Jama'a, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa yana hannun mutane tun 1932, an kuma sake juya shi da Hausa mai sauƙi daga baya. A yi sujada da harshen da ake cin tuwo da shi. In Hausa ce, Hausa. In Zabarmanci ne ko wani harshe na gida, a yi addu'ar da shi. Yaron da ya iya karanta Faransanci, cikin ƴan kwanaki zai saba da karanta Hausa in ana ba shi. Gidan da babu mai karatu kuwa, akwai Littafi Mai Tsarki na saurare da ake sa wa a waya. A kunna sura ɗaya, a saurara tare. Wanda ba ya karatu sau da yawa ya fi mai karatu riƙe abin da ya ji.

Yanzu bari in faɗi abubuwan da ke kashe sujadar iyali, domin gidaje da yawa sun fara sun bari, kuma ba Shaiɗan kaɗai za a ɗora wa ba.

Na ɗaya, mayar da ita kotu. An taru, an yi waƙa, sai Baba ya gyara murya ya ce, "Ya Ubangiji, ka ga wannan yaro da ba ya jin magana, wanda ya ɓatar da akuya jiya." Iyayena, da girmamawa nake faɗa, wannan faɗa ne aka rufe ido aka yi. Yaron da aka tozarta a gaban ƙannensa da sunan addu'a, gobe in ya ji an ce a kawo tabarma, cikinsa zai ɗuri ruwa. In akwai horo, a yi shi a wani lokaci daban.

Na biyu, tsawo. Wa'azin minti arba'in bayan tuwo, ko dattijo sai ya yi barci. Gajeriyar da ake yi kullum ta fi doguwar da ake yi sau ɗaya a wata.

Na uku, a bar Mama a madafa. Ita ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta tuƙa, ta raba, yanzu tana wanke-wanke, ana ƙwala mata kira wai tana ɓata wa mutane lokaci. Ta zo ta zauna a gajiye, rai a ɓace. Maigida, in kana son uwargida ta zauna da zuciya ɗaya, sa samarin gidan su kama mata, ko a bar kwanonin sai an tashi. A kuma ba ta ranar da ita za ta bi da sujada. Haka yaran riƙo da ƴar aiki, a kira su kan tabarma ɗaya da ƴaƴan gida. Ku tuna da Roda.

Na huɗu, kuma shi ya fi nauyi, gaba tsakanin miji da mata. Yara ba wawaye ba ne. In sun ji zagin da aka yi da rana, sa'an nan da dare aka ce su rufe ido, sun san abin da ke nan. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura 3, ta gargaɗi maza cewa yadda suke riƙon matansu yana iya tare musu addu'a. Matiyu sura 5 kuma ta sa sulhu a gaban baiko. Wani lokaci sujadar da ta fi kowace amfani ita ce Baba ya dubi Mama a gaban yara ya ce, "Ki yi haƙuri, na ɓata miki rai." Girmansa ba zai ragu ba. Yaran kuwa sun koyi tuba da idonsu, darasin da ba za su manta ba.

Akwai kuma gidajen da ba a cika ba. Da an gama girbi, maza da yawa sai ci-rani: Kano, Legas, Abijan, Kumasi, Agadas, wasu har Aljeriya da Libiya. Mun kuma ga yadda rufe iyaka bayan Yulin 2023 ya raba iyalai wata da watanni. Nisa ba ya hana ku haɗuwa a gaban Allah. Ku yanke lokaci ɗaya kafin a rabu. Nijar da Nijeriya da Kamaru da Chadi da Aljeriya agogonmu ɗaya ne. Wanda ke Gana ko Abijan yana bayanmu da awa ɗaya, na Libiya yana gabanmu da awa ɗaya. In kun ce ƙarfe takwas na dare, shi na Kumasi ya san bakwai ce tasa. Ko babu kuɗin kira, kowa ya san a daidai wannan lokaci ana ambaton sunansa. Ku bi littafi ɗaya, sura ɗaya. In da hali, ya aiko gajeren saƙon murya a kunna wa yara. Mutumin da ya san ƴarsa tana kiran sunansa a gaban Allah ƙarfe takwas, akwai wuraren da ƙafarsa za ta yi nauyin zuwa a wannan lokaci.

Ke kuma da mijinki ba ya zama, ko gwauruwa mai riƙon marayu, kada ki ce sai da namiji. Loyis da Afiniki mata ne. Ki tara yaranki, ki bar masa wuri a tabarma, ban da gori. Kai kuma da kake kai kaɗai ne mai bi a gidanku, kada ka mai da addu'arka abin tsokana. Ka yi ta cikin natsuwa, ka girmama iyayenka, ka roƙa musu alheri, ka nemi wani gida a ikkilisiya da za ka riƙa zama da su ko sau ɗaya a mako. Ku kuma masu gida, ku buɗe wa irin waɗannan ƙofa. Ɗalibai da baƙi da sababbin masu bi, a tabarmarku za su ga yadda ake yi.

Ina da roƙo ga shugabanninmu, fastoci da dattawa, ko na EERN, ko ECWA, ko Katolika, ko kowace ikkilisiya. Ku dubi jerin taron mako. In Litinin taron dattawa, Talata mata, Laraba addu'a, Alhamis mawaƙa, Jumma'a kwanan addu'a, Asabar matasa, to yaushe iyali za su zauna tare? Sau da yawa gidan da ya fi kowa hidima a majami'a shi ne ba a haɗuwa a cikinsa. A bar wa gidaje wasu darare. In kun je ziyara kuma, ku zauna ku yi sujada da su sau ɗaya, su ga yadda take da sauƙi. Masu shirin aure, a koya musu wannan tun kafin ranar biki.

Mu kuma ƴan ikkilisiya, mu yi hattara da ba da kwangilar addu'a. Neman fasto ko ƴan'uwa su taya ka addu'a daidai ne, Littafi ya koyar da haka. Amma in ya zama duk abin da ya taso sai a ɗauki jika biyu a kai wa wani "mai addu'a" ya yi maka, kai kuwa ba ka durƙusa ba, to an koma gidan jiya, suna kawai aka canza. Allah yana jin muryarka kamar yadda yake jin ta kowa.

Wani zai ce, "Mun yi ta yi, ba mu ga amsa ba." Wannan ciwo ne na gaske, ba zan rufe shi da daɗin baki ba. Bulus ma sau uku ya roƙa a ɗauke masa wata wahala, ba a ɗauke ba, aka ba shi alherin jimrewa. Shawarata, ku sami ƙaramin littafin rubutu na gida. A rubuta roƙo da kwanan wata. Lokacin godiyar kaka, ko daren shiga sabuwar shekara, a buɗe a karanta. Za ku ga waɗanda aka amsa kun manta, da waɗanda aka amsa ta wata hanya, da waɗanda har yanzu ake jira. Yara su ga duka ukun. Kuma addu'a ba ta hana neman magani. Masu bi ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, mutane ne masu addu'a, suka kuma kawo allura. In yaro na zazzaɓi, a yi addu'a ana kan hanyar asibiti.

To, masu sauraro, ga aikin wannan mako. Kada ka jira sabuwar shekara, kada ki jira sai an sayi sabon Littafi. Yau da dare, in an gama tuwo, a shimfiɗa tabarma. Waƙa ɗaya, Markus sura 1 daga aya ta 1 zuwa ta 8, tambaya ɗaya, addu'a gajeriya. Daren farko za a yi ta jin nauyi, yara ma su yi dariya, ba komai. In kun tsallake rana, ku ci gaba washegari, ban da zargin juna. Ku gwada kwana bakwai, sa'an nan ku aiko mana da saƙo ku gaya mana abin da ya yi sauƙi da abin da ya gagara, za mu karanta wasu a shiri na gaba ba tare da ambaton suna ba.

Ubangiji ya tsare gidajenku, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.